Inda Kakata Ta Ajiye Ni Ina Koyon Tuƙin Jirgi

Shekarun baya, lokacin da Allah ya ba ni gurbin koyon tuƙin jirgin sama, na ɗauka duk wahalar a sama take. Ashe tana ƙasa tana jirana, a cikin gidanmu na Ƙofar Kuyambana.

Gidanmu irin babban gidan nan ne na cikin birni, zaure ɗaya amma sassa kamar unguwa. Mahaifina da yayyensa da ƙannensa duk suna ciki, kusan kowa ɗinkin babbar riga ne sana'arsa. Sama da kowa kuma akwai kakata, wadda ta haifi mahaifina, a ɗakinta na tashi tun da aka yaye ni. To a gidan nan akwai wata doka da ba mai faɗa maka ita, da ita kake buɗe ido: in an dawo daga sallar asuba, yaro ba ya sa ƙafa waje sai ya bi sassa ya gaida manya, a durƙushe, ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar Zazzagawa kuwa kun san ta, ba a yi mata gaggawa. Babban baffana in ka tarar ya fara lazimi, sai ka tsuguna ka jira ya shafa. Na biye da shi sai ya tambaye ka labarin duniya. Matansu kowacce da tata addu'ar, kuma ba ka isa ka miƙe ba sai an sallame ka.

Ɗakin kakata ne zangon ƙarshe, shi ne kuma mafi tsawo. Ita ba gaisuwa kawai take karɓa ba, sai ta yi min tsiya son ranta. Maigidan da ba ya cefane, haka take kirana. Da na fara karatun nan kuma ta ƙara min da direban shaho. Ni ma ba na barin ta kwana, sai in ce mata in na samu lasisi amarya zan yi mata, mai haƙora. Ta kai min duka da mafici, in kauce, sannan ta turo min kwanon koko ta tsare ni sai na shanye. Wallahi ina son wannan zaman, ba zan ɓoye ba.

Matsalar ita ce ƙananan jiragen da ake koya mana da su sun fi son safiya. Kafin rana ta gasa ƙasa iska a kwance take, jirgi ba ya tsalle-tsalle, ga shi kuma damina ce, da rana ta yi sai hadari ya taso a rufe tashi. Saboda haka mu sababbin shiga mu ake sa wa tashin farko. Kuma ba zuwa za ka yi ka faɗa ciki kamar motar haya ba, sai ka zagaya jirgin ka duba mai, ka duba taya, ka shafa farfela, malaminka yana tsaye yana kallonka. Ni kuwa sai na gama da baffanni da koko, in hau babur in fita ta Ƙofar Doka, in ratsa Tudun Wada, in sha cunkoson Kwangila, in isa ina haki an riga an tayar da inji.

Malamina wani Kyaftin ne dattijo, ba ya faɗa, abin da ya sa muka fi tsoronsa ke nan. Da abin ya ishe shi sai ya kira ni gefe, ya ce jirgi ɗaya ne ɗalibai da yawa ke layi a kansa, ba zai riƙa ɓata safiyar wasu saboda ni ba. In na sake makara zai cire sunana daga jerin masu tashi, in koma jiran rukuni na gaba. Kowa a makarantar ya san abin da hakan ke nufi, waɗanda aka mayar baya da yawansu daga nan suke watsewa. Ni kuma tun ina firamare nake ɗaga kai ina kallon jiragen nan suna wucewa ta saman birni.

Na gwada dabaru. Na gwada gaisuwar tsaye, in ɗan rusuna in wuce, babban baffana ya tambaye ni cikin natsuwa ko gwiwata ce ke ciwo a nemo min magani. Na gwada sulalewa daga masallaci kai tsaye, kafin in dawo da yamma an aiko daga sassa uku ana tambayar mahaifiyata ko lafiya nake. Sai na gane ba makawa, wurin kwana zan sake.

Na yi tunanin gidan gwaggota a Tukur-Tukur, amma tafiyar ba ta ragu da komai ba, gaisuwar gwaggo ita kaɗai kuma ta kai ta baffanni biyu. Na leƙa ɗakunan haya a Palladan, ban ga wanda ya kwanta min ba. Ana haka abokina, wani ɗan Jos da muke rukuni ɗaya, ya ce akwai gado babu kowa a ɗakinsu na hostal. Na je na gani, ga fanka, ga wuta, ta taga kana hango jiragen a jere, tafiyar ƙafa ce zuwa wurinsu. Na ce shi ke nan, tsuntsu daga sama gasasshe.

Na samu mahaifina a zaure yana aikin allura a wuyan wata riga, na zayyana masa. Bai ɗago ba, ya ce wannan magana ba tasa ba ce, wadda ta raine ni ita ke da ni. Na shiga wurin kakata da ƙwarin gwiwa, jakata ma na riga na haɗa ta. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, nisan hanya, yanayin iska, gargaɗin Kyaftin, kamar mai ba da rahoto kafin tashi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Wane ne babba a gidan?"

Na yi dariya, na ce Hajiya ai ba gida ba ne, duk ɗalibai ne sa'o'ina, sai mai gadi a ƙofa. Ta ce to, Allah ya tsare. Ni da wayona na ɗauki wannan a matsayin izini, na saɓi jaka na yi gaba.

Makon farko na sha daɗi, gaskiya. Ni ne farkon zuwa wurin jirgi, har Kyaftin ya dube ni ya dubi agogonsa ya gyaɗa kai. Ranar Juma'a bayan masallaci na shiga birni da tsarabar lemo, ina ta shirya tsiyar da zan yi wa kakata. Ina yin sallama ta sa aka ɗauko sabuwar tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙi. Aka kawo min ruwa a kwano mai murfi. Ta ce sannu da zuwa Malam, ya hanya, ya mutanen gidan. Na ce mata amaryar nan fa na kusa samo ta, ta yi murmushi irin wanda ake yi wa surukin da ba a saba da shi ba, ta ce Allah ya sanya alheri. Ba direban shaho, ba mafici. Na zauna a tabarmar nan kamar wanda ya zo neman aure, na rasa inda zan sa idona. Ban taɓa sanin ladabi yana da zafi haka ba, na fi son a ce zagina ta yi.

Juma'ar da ta biyo ma haka, wadda ta biyo bayanta ma haka. Abin ya tsaya min a rai, na kwanta da shi na tashi da shi, har ya bi ni cikin jirgi. Tashi ba wuya, kowa ma zai iya. Sauka ita ce aikin, tana son hannu mai laushi da zuciya a kwance, ka riƙe jirgin dab da ƙasa ka bar shi ya zauna da kansa. Ni kuwa sai in buga shi da titi ya yi sama, in sake bugawa, har Kyaftin ya karɓe. Lokacin kuma an kusa fara sakinmu solo, wato ranar da malami zai fita ya bar ka ka tashi kai kaɗai. Abokina har an sake shi. Kyaftin ya ce da ni na daina makara, ya gani, amma yanzu gangar jikina kaɗai ke zuwa. Ya ce ba zai sa hannu a saki mai irin wannan saukar ba, kuma awannin da aka ware wa kowane ɗalibi ba sa jiran kowa. Na koma inda na fito ke nan, gaba kura baya siyaki.

Mahaifiyata ce ta warware min. Na same ta tana tsince shinkafa, na ce ni fa ban gane laifina ba, na faɗa wa Hajiya kafin in tafi, kuma ta yi min addu'a. Ta ce ba tafiyar ce ta ɓata mata rai ba. Mahaifina ma ya bar gidan nan ya je Kano koyon aiki, baffannina babu wanda bai taɓa zama wani wuri ba. Amma babu ɗayansu da ya kai kansa. Ita take ɗaukar ɗa ta kai shi, ta damƙa shi a hannun wani da ta sani, ta yadda in an tambaye ta a hannun wa yake tana da amsa. Ni kuwa na ɗauki kaina kamar marar kowa, na kai inda in na kwana da zazzaɓi babu wanda za ta tuhuma. Ta ce wasu mata sun zo gaida Hajiya sun tambaye ta ina jikan nata yake zaune, ta rasa abin cewa, tsohuwa da girmanta.

Na ce to yanzu mene ne abin yi. Ta ce in kwaso jakata in ajiye a ɗakin Hajiya, kada in kawo mata lissafin iska da hanya, in ce ga ni, a nema min wurin zama. Na ce in kuma ta ce in dawo gida fa? Mahaifiyata ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce sai in dawo.

Wannan ita ce caca mafi girma da na taɓa yi, don na san in ta ce gida, tuƙi ya ƙare. Ranar wata Juma'a na shigo da jakar, na wuce tabarmar baƙi na ajiye ta a gindin gadonta, na durƙusa na faɗi abin da aka koya min. Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta fara sanyi. Can ta tambaye ni ta wane gefen gari ƙarfen namu yake tashi, na faɗa mata. Ta ce gobe da hantsi in samo mata adaidaita.

Matar da rabonta da wuce Ƙofar Doka tun dawowarta daga Makka, sai ga ta ta yafa babban mayafi ta shiga adaidaita, gidan duk an fito ana kallo. Ta ce a fara kai ta inda na zauna. Na so in hana, ina! Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinmu ta ƙare masa kallo, safa a kan fanka, tukunyar taliyar shekaranjiya a ƙarƙashin gado. Abokina ya diro daga gado ya zube ƙasa yana gaisuwa da gajeren wando. Ta amsa masa da fara'a, sannan ta tambaye shi nan suke kwana ko nan suke zubar da shara. Har yau in mun haɗu sai ya tuna min.

Daga nan ta riƙa nuna wa mai adaidaita hanya da kanta, muka zagaya bayan katangar filin jirgi, muka shiga wani ƙauye da gari ya fara cinyewa, gonakin masara a tsakanin gidaje. Ashe tana da ƙawa a can. Wata tsohuwa ce mai daddawa, wadda tun suna da ƙuruciya take kai daddawa gidajen birni, har ciniki ya zama ƙawance, suna yi wa juna biki. Ƙafa ta yi nauyi, sun daɗe ba su haɗu ba sai aike. Da suka ga juna suka rungume suna salati, suka shige ɗaki suka bar ni a gindin bishiyar ɗorawa tare da awaki. Na zauna har na fara tunanin sun manta da ni.

Da aka kira ni na shiga na durƙusa. Kakata ta kama wuyan hannuna, ta ɗora a tafin tsohuwar nan.

"Ga ajiyata na kawo miki. In ya karkace ki miƙe shi, ni na sa ki. Gaisuwar da zai riƙa yi miki da safe tawa ce, ki riƙa amsa min."

"Na karɓa," in ji tsohuwar. "Allah ya ba ni ikon riƙewa."

Shi ke nan, ba a tambaye ni ko wurin ya yi min ba. Inna, haka na koma kiranta, ta sa aka kwashe buhunan dawa daga wani ɗakin ƙasa mai rufin kwano, aka share aka shimfiɗa min katifa. Ba fanka, wuta sai ta ga dama, zakara kuma a bayan tagata yake kwana. Ga warin daddawa, wanda ya kama fararen rigunana ya ƙi saki. A makaranta aka sa min Kyaftin Daddawa, malamina ma da ba ya wasa ya taɓa cewa in mun rufe ƙofar jirgi yunwa yake ji.

Amma fa ban taɓa barci mai daɗin na ɗakin nan ba. Inna mutuniyar aiki ce, kafin in dawo masallaci ta hura wuta. In durƙusa in ce ina kwana, ta ce lafiya lau, ka ci wani abu, tashi kada ƙarfen ya tafi ya bar ka. Gaisuwar ke nan gaba ɗayanta. In bi 'yar hanya ta cikin masara, raɓa tana jiƙa min ƙafar wando, in ɓulla ƙofar makaranta gari bai gama wayewa ba. Ƙorafinta ɗaya ne, wai ƙarar jiragenmu tana firgita mata kaji ba sa ƙwai, in faɗa wa abokan aikina su riƙa bi a hankali. Na ce zan isar.

Ba zan ce muku warin daddawa ke gyara sauka ba, kada wani ɗalibi ya je ya saya. Abin da na sani shi ne zuciyata ta kwanta, hannuna ya bi ta. Jirgin ya daina tsalle. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi wasai, muka yi zagaye muka sauka, muka sake, sai Kyaftin ya ce in tsaya a gefe. Ya kwance bel ɗinsa, ya buɗe ƙofa, ya ce in je in yi guda ɗaya in dawo masa da jirginsa lafiya. Na tashi ni kaɗai. Jirgin ya yi sakayau da babu nauyinsa, ga dutsen Kufena can, ga rimayen birni sun yi kore shar, ga ganuwa tana bayyana tana ɓacewa a tsakanin gidaje. Na yi ta karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Na sauka taya ta taɓa ƙasa kamar an ajiye ƙwai.

Al'adar makarantar ce duk wanda ya yi solo a yi masa wanka da bokitai, da kayansa da komai. Haka na koma gida sharkaf ina ta washe baki. Inna ta gan ni ta ajiye muciya, ta ce wane marar mutuncin ne ya jiƙa ɗan amana da sanyin safiya, ta ɗauko mayafi za ta je ƙofar makaranta ta ji dalili. Da ƙyar na shawo kanta. Da ta gane abin murna ne sai ta ƙulla daddawa a ganye ta ce maza in kai wa mai ni labari, ba ita ya kamata ta fara ji ba.

Na tarar da kakata tana jan carbi. Na durƙusa na ce Hajiya yau ni kaɗai na tashi, ba malami. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai kaɗai? Su ma dai ba sa son jirginsu. Maigidan da ko cefane bai iya ba."

Na sunkuyar da kai ina dariya, hawaye na zuba, ta yi kamar ba ta gani ba, ta ce in matsa ina tare mata haske.

A ɗakin nan na zauna har na gama, ko da aka samu ɗaki mai kyau a hostal ban koma ba. Yanzu ɗalibai sukan tambaye ni ina ya fi dacewa su zauna, ciki ko waje. Nakan ce su nemi kusa da jirgi, wannan ba musu. Amma su duba kuma ko akwai wanda zai lura in gari ya waye ba su fito ba, don ni sai da na samu wannan sannan hannuna ya daidaita. Wasu su gane, wasu su yi min kallon tsohon yayi, ba na jin haushi, ni ma na yi wa kakata dariya a kan wannan tambayar.

Aiki ya kai ni garuruwa, na yi aure, na tara iyali. Kakata ta rasu 'yan shekarun nan, cikin girma da rufin asiri, ta ga 'ya'yana. Ranar addu'ar uku ina zaune a ƙofar gida cikin masu karɓar gaisuwa aka ce ana nemana daga ciki. Na shiga na tarar da Inna, ta tsufa ƙwarai, jikarta ce ta riƙo ta. Na durƙusa zan yi mata ta'aziyya, don ita ma rashin nata ne. Ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe.

"Ta tafi ba ta karɓi ajiyarta ba," ta ce. "Ni kuma ba ni da wanda zan mayar wa. Sai ka yi haƙuri da ni."

Ina da furfura a gemu a lokacin, mutane suna kirana Kyaftin, amma a durƙushe na ce to, Inna. Har yau in na sauka Zariya gidan Inna nake fara zuwa kafin in shiga birni, kuma a duk gidanmu babu wanda ya taɓa cewa na yi ba daidai ba.